Idan Garke Ya Ƙare, Wa Zai Ara Mana Karsana?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Shugaban wannan taro, Alhaji Jamilu. Mai girma wakilin Hakimi. Limaminmu Malam Musaddiq, Allah ya gafarta Malam. Shugabar kwamitin tantance ɗalibai, Hajiya Rashida, da sauran 'yan kwamitinta. Ardo-ardo da masu unguwanni da suka yi sammako daga Kiyawa da Kafin Hausa. Iyayena maza da iyayena mata. 'Yan'uwana ma'aikata da manoma da makiyaya da 'yan kasuwa. Ɗalibanmu da ke tsaitsaye can baya saboda kujeru sun ƙare. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu lafiya a nan Dutse. Ina godiya ga Shugaba da ya ba ni wannan dama, alhali ya san abin da zan faɗa ba zai yi wa kowa daɗi ba. Ina kuma godiya ga 'yan kwamiti, waɗanda suka yi watanni suna wahala ba tare da an biya su ko kwabo ba, ga shi yau tukuicin da za su samu shi ne in tashi a bainar jama'a in saɓa musu. Hajiya Rashida, ki yafe mini tun kafin in fara.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Rakiya. Likitar dabbobi ce ni, kuma a ruga aka haife ni, gabas da Kiyawa. Ga waɗanda kuma suka shigo a makare, ga abin da ke gabanmu. Wannan ƙungiya tamu ta Garkuwar Ilimi, kowace shekara mutum ɗaya tak take iya ɗaukar nauyin ƙaro karatunsa. Bana mutum biyu suka kai matakin ƙarshe. Akwai Zuhair, matashin injiniya, wanda yake so ya karanci yadda ake tare ambaliyar ruwa. Akwai kuma Mashkura, 'yar masunta daga wajen Haɗeja, wadda take zaune a unguwar Yalwawa nan Dutse tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje, tana so ta karanci yadda ake gano sabuwar annoba tun ba ta bazu ba. Kwamiti ya zaɓi Zuhair. Dokar ƙungiya ta ce babban taro na iya tabbatar da zaɓin ko ya sauya shi, kuma na tashi ne in roƙe ku ku sauya shi, ku ba Mashkura.

Kafin masu raɗa su gama raɗarsu, bari in sauƙaƙa musu. E, Zuhair ɗan yayana ne. Ga mahaifinsa can, Hamma Isah, a sahu na biyu, ya ɗora haɓarsa a kan sanda, kuma tun da na shigo bai dube ni ba. Ni na goya Zuhair. Saboda haka duk wanda yake zaton son kai ne ya tsayar da ni a nan, sai ya sake lissafi.

Lokacin da Mashkura ta zauna gaban kwamiti, ta ce a cikin duk matsalolin da ke gaban ɗan Adam, ya kamata a ba da fifiko na musamman ga waɗanda za su iya shafe mu gaba ɗaya daga doron ƙasa. An gaya mini ɗakin ya ɗauki dariya. Wani dattijo ya ce mata, "Yarinya, ke yanzu tashin duniya za ki hana?" Ta ce, "A'a, Baba. So nake in zama cikin waɗanda za su fara ganin cutar tun tana jikin tsuntsu." Ban ga laifin masu dariya ba, domin magana ce da kunnenmu bai saba da ita ba. Amma ni da na ji labarin ban yi dariya ba, kuma zan gaya muku dalili.

Batu na farko, bambancin da ke tsakanin babbar asara da ƙarewa. Wannan ba a jami'a na fara koyonsa ba. Dattawan da ke nan sun tuna shekarar da bushiya ta shigo, farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin. Matasa kuwa ba su san ta ba, Allah kada ya nuna musu irinta. Cuta ce da take kama saniya da zazzaɓi, ido da hanci su yi ta zuba, baki ya yi gyambo, zawo ya biyo baya, kafin ka ankara ta kwanta ba ta ƙara tashi. Ina ƙaramar yarinya a lokacin, amma har yau ban manta warin da ya rufe burtali ba.

Iyayenmu suna da wata al'ada da suke kira haɓɓanaye. Mai shanu yakan ɗauki karsana ya kai wa wanda ba shi da su, ta zauna a wurinsa ta haihu sau biyu ko uku, maruƙan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Babu takarda, babu shaida, amana ce kawai. Yayan mahaifina, Baffa Hussaini, shi ne ya fi kowa shanu a zuriyarmu, kuma shi ne ya fi kowa sakin hannu. Karsanunsa suna warwatse a hannun mutane, wasu a Kafin Hausa, wasu a Jahun, wasu har Birnin Kudu. Da labari ya iso cewa bushiya ta ɓullo daga gabas, sai Baffa ya ɗauki sandarsa ya bi gida-gida yana karɓo su, ba don rowa ba, don tsananin so. Mahaifina ya tare shi ya ce, "Hamma, ka bar su inda suke." Baffa ya ce, "Idona kaɗai na yarda da shi. Idan mutuwa za su yi, su mutu a gabana." Ya tara su garke ɗaya, mashaya ɗaya, makwanci ɗaya. Cutar ta shiga, kuma ba ta bar masa ko ɗan maraƙi ɗaure a dangwali ba.

Mahaifina ma bai tsira ba. Shanunsa sun zube har muka daina ƙirgawa. Amma 'yan ƙalilan sun tashi, kuma akwai wata karsana da ya bari a hannun amininsa a Kafin Hausa, wadda cutar ba ta kai gare ta ba. Wanda ya zo ya ƙirga mushe a rugagen nan biyu, zai ce asarar 'yan'uwan nan kusan ɗaya ce, domin tazarar ba ta wuce a nuna da yatsun hannu ba. Amma duk saniyar da ke garken Hamma Isah a yau, daga waɗancan 'yan ƙalilan ta fito. Da nononsu aka yi mini kuɗin makaranta, da 'ya'yansu aka yi wa Zuhair. Asarar mahaifina ta ci shanun da yake da su. Asarar Baffa ta ci shanun da yake da su, ta kuma ci dukkan waɗanda da za a haifa daga gare su har abada.

Jama'a ba su bar Baffa haka ba. Waɗanda ya taɓa ara wa suka taso, wannan ya kawo karsana, wancan ya kawo, har ya sake kafa garke. Amma tsatson saniyar da aka ba shi ranar sunansa, wadda ya san uwarta da kakarta, ya yanke. Wata rana ina taya shi kora su mashaya, ya tsaya ya dube su ya ce, "Rakiya, waɗannan shanu ne, amma ba su san ni ba." Wannan ne karo na farko da na ga hawayen namiji babba, kuma na ji tsoro ƙwarai.

To, jama'a, ku riƙe abu biyu daga labarin nan. Na ɗaya, Baffa ya sake tashi ne saboda yana da maƙwabta da cutar ta bar musu wani abu. Ɗan Adam ba shi da maƙwabci. Idan ambaliya ta ci Auyo, Dutse za ta kai gudummawa. Idan yunwa ta kama ƙasa ɗaya, wata ƙasa za ta aiko da hatsi. Idan yaƙi ya rushe birni, jikokin waɗanda suka tsira za su sake gina shi. Amma idan abin ya haɗa da kowa da kowa, wa zai ara mana karsana? Na biyu, abin da Baffa ya yi da hannunsa, zamani ya yi wa duniya. An tara mu garke ɗaya. Mutumin da ya yi sallar asuba a Kano yana iya yin isha'i a Jidda. Kun ga korona. Ta ɓullo a wani birni da yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba, cikin 'yan watanni aka rufe mana kasuwa, aka rufe makarantu, maniyyatanmu suka kwance jakunkunansu ba su je Hajji ba. Kuma korona, duk da rayukan da ta ɗauka, mafi yawan waɗanda ta kama sun warke.

Batu na biyu, waɗanne abubuwa ne ake jin tsoro? Ba aljanu ba ne, ba kuma tatsuniya ba ce. Mafi yawansu aikin hannun ɗan Adam ne, kuma sababbi ne, kakanninmu ba su zauna da su ba. Akwai makaman nukiliya, dubbai, a ajiye a hannun manyan ƙasashe. Wani zai ce ina ruwan Bajigawe da rigimar manya. Masana da dama suna ganin idan aka yi babban yaƙi da su, hayaƙin biranen da suka ƙone zai iya tare hasken rana shekaru, damina ta rikice, gero ya ƙi nuna a Kiyawa alhali ba mu harba ko gwafa ba. A cikin shekarun nan da bushiya take cin shanunmu, na'urar wata babbar ƙasa ta taɓa nuna cewa an harbo mata makamai, alhali ƙarya ce, kuskuren na'ura ne. Hafsan da ke bakin aiki ya yi shakka, bai ɗauki maganar na'urar ba. Mu muna ruga muna kukan shanu, ba mu san abin da ya gifta ta kanmu ba.

Akwai ƙirƙirarriyar basira, wadda yaranmu suke hira da ita a waya tana rubuta musu aikin makaranta. Tana da amfani, ni ma ina aiki da ita. Amma wasu daga cikin masu ƙera ta da kansu sun fito sun ce suna tsoron ranar da za ta fi ƙarfin linzaminsu, wasu kuma sun ce tsoron ya yi yawa. Ni ba fannina ba ne, ba zan yi muku alƙalanci ba. Abin da na sani shi ne, idan maƙeri ya ce a yi hattara da abin da ya ƙera, ban cika gardama da shi ba.

Sannan akwai annoba, wadda ita ce fannina, ita ce kuma fannin Mashkura. Cututtuka da yawa da suka addabi mutane daga jikin dabba suka tsallako. A da, sai dai cuta ta taso da kanta. Yanzu ilimi ya kai inda za a iya sauya ƙwayar cuta a ɗakin gwaji, kuma kayan aikin sai ƙara araha suke yi. Ilimin da ke haɗa rigakafi, shi ne kuma zai iya haɗa masifa idan ya faɗa hannun mugu ko hannun mai sakaci.

Ba zan tsaya a nan in ce muku gobe ko jibi duniya za ta ƙare ba. Ban sani ba, masanan ma sun saɓa a kan girman haɗarin, kuma mai yiwuwa ne mu da jikokinmu mu wuce lafiya. Amma ku makiyayan da ke nan, kowace shekara kuna kawo mini shanu in yi musu allura, har a shekarun da babu ko labarin cuta. Ban taɓa jin wanda ya dawo ya ce in biya shi wahalarsa tunda cutar ba ta zo ba. Kun san abin da ake karewa ya fi ƙarfin a yi caca da shi.

Batu na uku, maganar addini, kuma a nan ina taka-tsantsan domin ga malamai a zaune. Mutane da yawa sun tare ni sun ce, "Dakta, ƙarshen duniya na Allah ne, ke wace ce?" Gaskiya ne, na Allah ne. Babu wanda ya san lokacinsa sai Shi, babu mai jawo shi kusa, babu mai tura shi nesa, kuma duk wanda ya ce zai iya ya yi ƙarya. Saboda nauyin maganar na je har gida na sami Malam Musaddiq na shimfiɗa masa ita. Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Dakta, ranar mutuwar ɗanki a rubuce take ko ba a rubuce take ba?" Na ce a rubuce take. Ya ce, "To ranar da ya yi zazzaɓi, me ya kai ki asibiti?" Ya ce, "Lokaci na Allah ne, amana kuma taki ce. Ba za a tambaye ki yaushe ba, za a tambaye ki me kika yi." Allah ya gafarta Malam, idan na ƙara ko na rage a gyara mini. Na ga Malam ya gyaɗa kai, saboda haka na wuce.

Batu na huɗu shi ne mafi nauyi a wurina, kuma shi ne hujjar kwamiti. Sun ce: muna da ambaliya yau, muna da zazzaɓin cizon sauro yau, muna da yaran da ba su ƙoshi ba yau, ta yaya za mu tsallake abin da ke gabanmu mu tafi neman abin da ba mu gani ba? Wannan magana ce ta masu hankali da tausayi, kuma ba zan raina ta ba. Na shiga kwalekwale a shekarar babbar ambaliya, na ga buhunan hatsi suna yawo a kan ruwa, na ga mata sun ɗora 'ya'yansu a kan rufin ɗaki. Abin da Zuhair yake so ya karanta abu ne da muke bukata, kuma yaron zai iya.

Amma ku dubi tarihin ƙungiyar nan. Tun da aka kafa ta mun tura likitoci, mun tura injiniyoyi, mun tura malaman gona da masana shari'a, kuma ban yi nadamar ko ɗaya ba. Dukkansu masu maganin matsalar yau ne. Ba mu taɓa tura mutum ɗaya domin matsalar da idan ta zo ba ta barin gobe ba. Ambaliya tana da masu kuka dominta: gwamnati ta san da ita, 'yan majalisa sun san da ita, gidajen rediyo suna maganarta kowace damina, kuma akwai ƙofofi da yawa da mai son karanta ta zai ƙwanƙwasa. Fannin Mashkura kuwa, ta zaga ta zaga, duk inda ta je sai a ce mata abin bai taso ba tukuna. Haka irin wannan haɗari yake, kullum bai taso ba tukuna, ranar da ya taso kuma babu sauran lokacin tura kowa makaranta. Ban ce mu bar ciyar da mayunwaci ba. Ban ce mu bar gina madatsa ba. Cewa na yi, a cikin gida mai mutum goma, idan tara suna noma, bai zama ɓarna ba a ce ɗaya ya hau kan dutse yana duba abin da ke tahowa.

Ku kuma tuna da waɗanda maganar ta fi shafa. Dabinon da muke alfahari da shi a garin nan, wanda muke ba baƙo a matsayin tsaraba, yawancin waɗanda suka dasa tsofaffin itatuwansa ba su san sunanmu ba, amma sun yi lissafi da mu. Idan Allah ya ja zamanin ɗan Adam, waɗanda za su zo bayanmu sun ninka mu ninkin da ba ya ƙirguwa. Za su yi sallah, za su yi aure, za su yi dariya a ƙofar gida, wataƙila su warkar da cututtukan da suka gagare mu. Ba su da kujera a ɗakin nan, ba su da wakili a kwamiti, ba za su iya rubuto mana ƙorafi ba. Duk abin da muka yanke, haka za su same shi.

Batu na biyar, kuma na ƙarshe. An ce, to mun ji, amma wannan aikin manyan ƙasashe ne, me Jigawa za ta iya? Wannan tambaya ita ce ta fi ba ni haushi, domin raina kai ne. Kowace shekara idan sanyi ya kama ƙasashen Turai, tsuntsaye masu ɗimbin yawa suna tasowa su sauka a fadamun Haɗeja. Suna sha inda agwaginmu ke sha, suna kwana inda masuntanmu ke jefa koma. Murar tsuntsaye ta taɓa shigowa ƙasar nan, masu kiwon kaji ba su manta ba. Ga kasuwar Maigatari, inda dabbobi ke haɗuwa daga ƙasashe daban-daban. Idan wata sabuwar cuta za ta tsallaka daga dabba zuwa mutum, ba sai ta nemi izinin shiga babban birni ba, tana iya farawa a bakin fadama, a jikin ɗan masunci. A ranar nan, abin da zai raba tsakanin cutar da aka tare a ƙauye ɗaya da cutar da ta zagaye duniya shi ne ko akwai mai ido a wurin. Baƙon masani zai zo bayan wata guda da tafinta. Mashkura a cikin kwalekwale ta girma, masunta ba za su ɓoye mata mataccen tsuntsu ba, domin 'yarsu ce.

Kada kuma wani ya ce muku aikin ya fi ƙarfin mutum. Ku dubi dattawan nan da ke da zanen agana a fuska, sannan ku dubi yaranku. Agana ta yi dubban shekaru tana kashe mutane tana makantar da su, yau babu ita a duniya. Bushiyar da ta durƙusar da Baffa, yau babu ita a duniya, an sanar da ƙarewarta ina cikin aiki, kuma ranar na yi kuka a ofis don murna. Ba da tsafi aka yi ba. Da allura aka yi, da sa ido, da malaman dabbobi masu bin ruga-ruga a kan babur, da makiyayan da suka yarda suka fito da shanunsu. Mun taɓa yi, da izinin Allah, har sau biyu. Shi ya sa ban zo nan in tsorata ku ba. Na zo ne da ƙarfin gwiwa, domin na ga abin da mutane ke iyawa idan sun ɗauki haɗari da muhimmanci tun bai ci su ba.

Mai girma Shugaba, na kusa sauka, amma akwai bashin magana a kaina ga mutum biyu. Makon jiya Zuhair ya zo gidana. Bai zauna a kujera ba, ya durƙusa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya ce, "Goggo, an ce za ki yi magana ranar taro." Na ce haka ne. Ya ce, "Goggo, ni ne fa." Na ce, "Na san kai ne, shi ya sa abin ya yi mini nauyi." Ya yi mini sallama cikin ladabi ya tafi, ni kuma na kasa cin abinci. Zuhair, ina ganinka can jikin taga. Ban ce ba ka cancanta ba, kuma duk wanda ya ce maka haka na faɗa, ka turo shi wurina. Idan taron nan ya ba ka, ni zan fara tashi in taya ka murna da zuciya ɗaya. Idan kuma bai ba ka ba, ƙafata ƙafarka, duk ƙofar da za a ƙwanƙwasa tare za mu ƙwanƙwasa ta har a buɗe.

An ba ni shawara in yi jawabina in zauna, idan an zo ɗaga hannu in sunkuyar da kai in bar nawa a cinya, wai don a rage ɓacin rai a gida. Na gode wa masu shawarar, amma ba zan iya ba. Ba zan roƙi jama'a su ɗauki abin da ni na kasa ɗauka ba. Idan Shugaba ya kira sunan Mashkura, hannuna zai riga na kowa tashi, kuma zan ɗaga shi sosai yadda na sahu na biyu zai gani ba sai an ba shi labari ba.

Hamma, kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kai ka kai ni makarantar da ta koya mini abin da na faɗa yau. Na san ranka ya ɓaci, kuma kana da hakkin ɓacin rai. Gobe da safe zan zo gaishe ka kamar yadda na saba. Idan an ce in shigo, alhamdu lillahi. Idan ba a ce ba, zan shimfiɗa mayafina a zaure in zauna, kuma ka san ni, ba na gajiya da zama.

Ya Allah, ka yi wa wannan taro albarka, ka sa abin da za mu yanke ya zama alheri ko da ya saɓa wa abin da na roƙa. Ya Allah, ka buɗa wa Zuhair, ka buɗa wa Mashkura, ka sa iliminsu ya amfani wanda suka sani da wanda ba su sani ba. Ka jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu. Ka tsare garuruwanmu da rugagenmu daga annoba da ambaliya da fitina, ka kama hannun masu ƙarfi kada su halaka bayinka. Ka raya zuriyarmu, da zuriyar zuriyarmu, har zuwa lokacin da Kai kaɗai ka sani. Ka mayar da kowa gidansa lafiya, ka kuma sanyaya zuciyar yayana.

Mai girma Shugaba, na gama, a kira ƙuri'a.

Na gode.